Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai Da Malaman Zariya, Daga Ɗaya Cikin Matan Da Ke Jiran Haihuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai. Ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta, tun daga masu limanci a cikin birni, Kwarbai da Kona da Juma, har zuwa na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, da malaman zaure, da malamai mata da ke karantar da mu a Islamiyya da hantsi bayan yara sun tafi boko. Ban isa in yi muku wa'azi ba. Iyakar karatuna Ahlari da Iziyya da Arba'una Hadisi, sai ɗan abin da kunne ya tsinta a tafsirin azumi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ciwo da ke cikin gidajenmu, wanda na daɗe ina kasa kunne in ji an taɓo shi a kan mumbari, har yau ban ji ba.

Shekara tara ke nan da aurena, kuma Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Ranar da aka kai ni, duk tsohuwar da ta dafa kaina addu'arta ɗaya ce: Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Na ce amin a cikin mayafi. Shekarar farko abin wasa ne, ƙannen miji su ce amarya ta yi ƙiba, ko dai ko dai? A ta biyu wasan ya fara kaifi. A ta uku kowa ya zama likita, kowa da sunan ƙauyen da za a kai ni. Daga ta huɗu aka daina yi mini magana, aka koma yi da ni. Kuma cikin duk waɗannan mutane babu wanda bai taɓa ce mini, "Ki kwantar da hankalinki, damuwa ce ke hana ki," ba. Da bakin da aka ɗaga mini hankali da safe, da shi ake ce mini in kwantar da shi da yamma.

Bari in nuna muku wata asuba guda, domin ku maza ne, ba a shigo da ku wannan ɗaki ba. Al'adata ta yi lattin kwana tara. Ban gaya wa kowa ba, ko maigida. Na hau Keke Napep daga unguwarmu har Sabon Gari don in sayi tsinken gwajin ciki a kemis ɗin da ba a san fuskata ba, saboda yaron kemis ɗin layinmu ya san kowa, kuma bakinsa ba ya shiru. Na kwana da tsinken a ƙarƙashin filo. Ladan na kiran assalatu na shiga banɗaki da fitilar waya, na tsoma, na tsuguna ina kallo ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Layi ɗaya ya fito. Na jira, na karkata shi ta nan, na karkata ta can, ko na biyun ya ɓuya ne. Na naɗe shi a baƙar leda na tura can ƙasan kwandon shara, kada 'ya'yan facalata su tono. Kafin azahar jini ya zo. Kuma a ranar akwai suna a maƙwabta, na riga na ɗinka anko. Na yi wanka na shafa hoda na tafi, na karɓi jaririya na yi mata addu'a. Wata dattijuwa da nake ganin girmanta ta dube ni a gaban mata ta ce, "To ke kuma yaushe za mu zo cin ƙauri? Ko har yanzu bokon ne?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ku ninka wannan asuba sau goma sha biyu a shekara, ku sake ninkawa sau tara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga baya wata likita ta fahimtar da ni abin da ya faru a wancan wata. Ta ce akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke ba da umarnin sakin ƙwai duk wata, kuma tashin hankali mai tsanani, ko rashin barci, ko rama, yana iya sa wannan umarni ya yi jinkiri. Idan ƙwai ya yi lattin fita, al'ada ma sai ta yi latti, tunda ita tana biyo bayansa ne da kamar kwana 14. Wato damuwar da kanta ce ta jinkirta jinin, jinkirin ya sa mini rai, sa ran ya kai ni kemis, layi ɗaya ya dawo da ni inda na fito da ƙarin kaya. To a nan masu cewa damuwa na taɓa jiki suna da gaskiya. Amma ta ƙara mini da wata magana da ta sauke mini dutse daga ƙirji. Ta ce damuwa ba ta toshe bututun mahaifa, ba ta haifar da ƙari a mahaifa, ba ta mayar da maniyyin namiji fanko. A 2011 mujallar likitocin Ingila ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara bincike 14 a kan mata fiye da 3,500 da ke neman haihuwa ta hanyar asibiti, aka ga cewa yawan damuwar da mace ke ciki kafin a fara mata aiki bai rage mata damar samun ciki ba. Mata na ɗaukar ciki a sansanin gudun hijira, suna ɗauka a gidan da ake dukansu. Saboda haka ce wa mace damuwarta ce ta hana ta haihuwa, ɗora mata laifi ne a kan ciwo. Ana neman sauƙin damuwa don mace mutum ce, tana da haƙƙin ta yi barci ta ci abinci ta ji daɗinsa, ba don ta zama gonar da aka gyara ba.

Kada ku ɗauka mu 'yan kaɗan ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma bambancin ƙasashe masu arziki da matalauta a wannan ba shi da yawa. Allah gafarta Malam, ranar Juma'a idan ka miƙe ka dubi sahu, ka ƙirga shida-shida. Ma'aunin likitoci kuma a fili yake: idan ma'aurata suka shekara suna tare ba tare da wani tsari na hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai samu ba, lokacin zuwa asibiti ya yi. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa. Kafin shekarar ta cika kuwa babu abin tashin hankali, domin ko lafiyayyun ma'aurata ba kowane wata ake dacewa ba, galibinsu a cikin shekarar farko suke samu, wasu sai a ta biyu. Amma a garin nan amarya ba ta rufa wata huɗu sai an fara leƙen fuskarta ana duba ko ta yi fari.

Yanzu in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Ma'aurata na ce, ban ce mata ba. Likitoci sun tabbatar cewa a cikin matsalolin rashin haihuwa, kaso mai yawa, har kusan rabi, akwai hannun ɓangaren namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma ku je layin asibitin mata ko wane ne a garin nan ranar ganin likita. Mata ne zalla a kan benci, kowace da katinta a hannu, wata da uwarta, wata da ƙawarta. Mazan suna kasuwa, suna ofis, suna majalisa. Ni na yi shekara biyar a irin wannan benci ni kaɗai. An ɗebi jinina ban san adadi ba. An yi mini sikanin. An yi mini hoton bututun mahaifa, wanda ake tura ruwa ta ƙasa a ɗauki hoto don a ga ko hanya a buɗe take, kuma wadda aka taɓa yi wa ta san ba wasa ba ne, na fito ina dafa bango. Duk wannan lokaci gwajin da ake nema a wurin maigida guda ɗaya ne: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a 'yar kwalba, a duba a na'ura. Babu allura, babu wuƙa, kuɗinsa bai kai na ko ɗaya cikin gwaje-gwajena ba. Duk sanda na kawo maganar sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ai ni shaida ce.

Wannan shi ne kuskuren da nake roƙon ku gyara da bakinku, don daga bakinku ne kawai maza za su karɓa. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum na iya zama ƙaƙƙarfa, ruwa na fita yadda ya kamata, amma ƙwayoyin da ke ciki sun yi kaɗan, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka a maraina yana iya jawowa. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana iya toshe hanya. Kumburin jijiyoyin maraina, ciwon suga, taba, tiramol da samari suka mayar goro, allurar ƙara ƙwanji da masu ɗaga ƙarfe ke yi, duk suna taɓawa. Wanda ya haihu shekara goma da suka wuce ma ba shi da tabbacin yau, jiki na canzawa. Kuma da yawa cikin waɗannan ana samun sauƙinsu. Jikin namiji yana ɗaukar kamar kwana 74 kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, shi ya sa idan gwajin farko bai yi kyau ba ake cewa a dawo bayan wata uku, ba a yanke hukunci da takarda ɗaya. Me ke cikin wannan na zubar da girma?

Ni dai ranar da maigidana ya yarda ya bi ni, ba ni na shawo kansa ba. Wani abokinsa ne da suke sahu ɗaya a masallaci ya ja shi gefe ya gaya masa nasa labarin. Abin da takardar ta nuna sirrinmu ne, ba zan faɗa ba, kuma ba shi ne abin da nake son ku ji ba. Abin da nake son ku ji shi ne, ranar da ya zauna kusa da ni a kan bencin nan, shi kaɗai namiji a cikin mata, yana ta sunkuyar da kai yana latsa waya don kunya, a daren na yi barcin da na shekara biyar ban yi irinsa ba. Babu abin da ya canza a jikina. Kayan ne aka kama mini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a wannan lamari mun bar wa mata jinkar, muna tsaye muna ba su shawarar yadda za su daidaita numfashi.

Allah gafarta malamai, akwai maganar da zan faɗa da sunkuyar da kai, domin ta shafi wasu da ke amsa sunanku. A shekara ta huɗu uwar mijina, wadda na san don ƙauna ta yi, ta kai ni wurin wani mai ruƙiyya a wani ƙauye bayan gari. Bai tambaye ni kwanakin al'adata ba, bai tambayi ko mijina ya taɓa gwaji ba. Tambayarsa ita ce ko ina mafarkin ruwa, ko ina mafarkin namiji, ko ina yawan ciwon kai da faɗuwar gaba. Wace mace ce za ta shekara huɗu a halin da nake ciki ba ta ciwon kai da faɗuwar gaba? Nan take ya ce aljani ne ya aure ni, shi ke zubar da cikin tun bai zauna ba. Aka turara ni da hayaƙi har na shiɗe, aka ce aljanin ne ke ihu. Na dawo gida da jarkar rubutu da ƙullin sassaƙe, ɗan kunnena na gwal kuma ya zauna a can. Abin da ya fi asarar gwal ɗin ciwo shi ne na koma ina tsoron ɗakina, ina tsoron barci, ina tsoron jikina. Na je da damuwa ɗaya na dawo da uku.

Ban musa aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su. Ban raina addu'a ba, ita ce ta riƙe ni har yau. Amma ku ne kuka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mace mai toshewar bututu tana buƙatar likita. Wadda sinadarin da ke kawo ruwan nono ya yi mata yawa har ya hana ƙwai fita, ƙwaya ce ake ba ta ta daidaita. Shekarun da take ɓatawa daga wannan zaure zuwa wancan ba sa dawowa, kuma ƙwan mace raguwa yake da shekaru, musamman bayan 35. Haka maganar kwantaccen ciki. Na san malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi maganar ciki na iya daɗewa har shekara huɗu ko biyar, kuma na fahimci a kan kare nasaba da mutuncin mace aka gina wannan. Ba zan shiga fagen da ba nawa ba. Sai dai na san matar da aka ce wa cikinta kwanciya ya yi, ta shekara biyu tana shan jiƙo don a tashe shi, mararta na girma tana murna, ranar da aka yi sikanin aka ga ƙari ne. Ku gaya wa mutane cewa duba cikin da na'ura bai saɓa wa kowane littafi ba.

Kada a ce na kare asibiti ido rufe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ƙananan wurare masu allon asibiti a ƙofa da duk macen da ta je da kukan haihuwa sai a ce a yi mata wankin ciki, alhali yawan kankare mahaifa ba bisa ƙa'ida ba yana iya barin tabo da zai hana cikin zama gaba ɗaya. Akwai masu kemis da ke miƙa wa mace Clomid, ƙwayar da ke sa ƙwai ya fita, kamar alewa, ta yi ta sha wata da watanni ba mai dubawa, ga shi likitoci ba su cika wuce zagaye shida da shi ba, kuma ba ya tsinana komai idan hanya a toshe take ko matsalar na wurin miji. Akwai masu mota da lasifika a bakin kasuwa da kowace cuta sunanta sanyi. Akwai matse-matsen da mata ke cusawa a gabansu, da yankan gishiri da har yanzu ba a rasa masu yi a ƙauyuka, wanda ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Duk waɗannan kasuwarsu ɗaya ce: tsoron da ke cikin zuciyar macen da aka ce mata za a yi mata kishiya bayan Sallah. Alhali Allah ya yi wa garin nan baiwar da garuruwa da yawa ba su da ita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Shika da ƙwararrun likitocin mata da na mafitsara, mutane na tahowa daga wasu jihohi, mu kuwa yana bayan gidanmu.

Tunda na ambaci kishiya, bari in faɗi ra'ayina a kai. Ban ce kada a ƙara aure ba, Allah ya halatta. Amma ƙarin aure ba gwajin asibiti ba ne. Namijin da bai duba kansa ba ya auro ta biyu don ya gwada, idan matsalar tasa ce, ya mayar da mace ɗaya mai kuka zuwa biyu. Kuma wanda zai ƙara, ya ƙara da mutunci, kada a mayar da abin bulala da ake kaɗa wa mace duk wata idan jini ya zo.

A wurin ɗaurin aure da walima kuna yawan kawo hadisin da ya ce a auri mai soyayya mai haihuwa. Hadisi ne, mun karɓa. Amma ku sani a bayan labule akwai wadda ke jin sa kamar an kira sunanta a lasifika. Ina roƙon idan kun kawo shi ku haɗa da ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura, inda Allah ya ce yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa musu maza da mata, kuma yana sanya wanda ya so ya zama bakarare. Wanda ya so aka ce, ba a ware mace ba. Ku ba mutane labarin Annabi Zakariya yadda farkon Suratu Maryam ya kawo shi. Kira ya yi a ɓoye, bai tara dangi ba. Kuma da ya buɗe baki, da raunin kansa ya fara, ƙashinsa ya yi rauni, kansa ya cika da furfura, sannan ya ambaci matarsa. Ni wannan jeri yana burge ni ƙwarai, ban sani ba ko malaman tafsiri sun tsaya a kansa, amma na so mazan garin nan su ji shi. Ku tuna musu Nana A'isha ta zauna da Manzon Allah kimanin shekara tara ba ta haihu ba, ba a taɓa jin ya goranta mata ba, har alkunya ya ba ta da ɗan 'yar'uwarta Asma'u, ake kiran ta Ummu Abdullahi. Da yawa daga abin da kuke karantar da mu a babin tsarki da zaman iyali ta hanyarta ya iso. Mu Zazzagawa ma da muke tinƙaho da ganuwar Amina, labarin da muka gada bai ce ta bar ɗa ba, ga shi sunanta ne a kan makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Sannan ku yi wa masu tambaya magana. Hadisi na 12 a Arba'una, wanda 'yan Islamiyya ke rerawa da hadda, ya ce yana daga kyawun Musuluncin mutum ya bar abin da ba ruwansa. "Har yanzu shiru?" ba gaisuwa ba ce. Leƙa cikin mace da ido a gidan biki ba zumunci ba ne. Cewa ana ciyar da ita tana cika masai, ko kiran ta juya, ko cewa ta sha ƙwayoyi ne a makaranta ta ƙone mahaifa, wannan ƙazafi ne da cin naman mutum, ko da uwar miji ce ta faɗa, ko da a cikin raha aka faɗa. Iyayenmu mata suna jin maganarku fiye da ta kowa. Abin da ɗa ba zai iya gaya wa mahaifiyarsa ba, malamin tafsiri zai faɗa ta rediyo ta ce sadaƙallahu.

Wasu ƙannena da ke kan wannan hanya sukan tambaye ni yadda na yi ban zauce ba. Ina faɗa a nan don malamai mata su kai musu. Na daina sayen tsinke sai al'ada ta wuce mako guda. Na yar da kalandar da nake zana wa ja da baƙi, domin ta mayar da ɗakinmu wurin aiki, har maigida ya fara kasawa a ranakun da aka ce su ne ranakun, don shi ma fargaba na kama shi. Likita ta ce kwanakin dacewa kamar shida ne a wata, tunda maniyyi na iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace, ƙwai kuma bai wuce yini guda, saboda haka kusantar juna duk bayan kwana biyu ko uku ya wadatar ba sai an riƙe agogo ba. Ina shan folik asid ɗina kullum kamar yadda ake so duk mai neman ciki ta yi. Mun zauna mun yanke abin da za mu iya kashewa a shekara, abin da ya wuce haka ba ma cin bashi, ba na sake sayar da kayan ɗakina. Na ba kaina izinin ƙin zuwa wani sunan, in aika da turmin zane da sabulu in ce ba na jin daɗi, kuma ba ƙarya na yi ba. Na zaɓi mutum ɗaya, yayata, ita kaɗai nake gaya wa komai. Na koma ɗinkina, domin ranar da keke ke gudu kaina ba ya samun sarari. Da la'asar nakan taka da ƙafa in je in dawo. Sallar dare kuma na canza mata fuska. Da can zuwa nake kamar mai bin bashi, ina lissafin abin da na karanta da abin da ban samu ba. Yanzu nakan zauna ne in faɗi abin da ke raina, wani lokaci ba na ma roƙon komai.

Amma akwai inda dabara ba ta kaiwa. Idan mace ta yi mako biyu ko fiye ba ta jin daɗin komai, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, tana kuka ba dalili, tana cewa gara ta mutu ta huta, wannan ciwon damuwa ne, cuta ce mai magani kamar hawan jini. Ba raunin imani ba ne, kuma ce mata ba ta da tawakkali ƙara tura ta rami ne. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Shika, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Idan irin wannan mace ta zo gabanku neman tofi, ku yi mata, sannan ku ce wa mijinta ya kai ta.

Saura maganar dashen ƙwai, wanda likitoci ke kira IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje a mayar cikin mahaifarta. Tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila, kuma an daɗe ana yi a Najeriya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi idan tsakanin miji da matarsa ne, ta haramta shigo da na uku, ko maniyyi ko ƙwai ko mahaifar aro. Kuɗinsa miliyoyi ne, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba, yawancinmu ba za mu iya ba. Amma 'yan kaɗan da suka iya suna yi a ɓoye kamar masu sata, suna tsoron a kira ɗansu ɗan kwalba. Jumla biyu daga bakinku za su raba su da wannan. Haka riƙon ɗan 'yan'uwa ko maraya, wanda al'adarmu ta sani tun kaka da kakanni kuma addini ya yi wa mai yi albishir mai girma. Ku ƙarfafa shi, amma kada a miƙa wa mace yaro a ce ta riƙe don ya jawo mata nata, yaro ba laya ba ne. 'Yar ƙanwata tana hannuna shekara uku ke nan, tana aji biyu, ita ce ma ta ɓatar mini da murfin wannan biro.

Ba na zuwa masallacin Juma'a, amma lasifikar na unguwarmu tana shigowa har madafina, ina jin huɗuba tun daga hamdala har a tayar da salla. Na ji an yi a kan tsadar abinci, an yi a kan zaɓe, an yi a kan shigar 'yan mata, an yi a kan wayar hannu har sau uku. Maigidana yana sahu na biyu ko na uku ta hannun dama, ƙannensa suna bayansa, mahaifiyarsa kuma tana jin ku daga tsakar gida da carbi a hannu. Jibi Juma'a. Zan rage wutar risho in saurara.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
daga Tudun Wada, Zariya.